Neman kakan da ya yi soja a ƙarni na 19: yadda ake karanta kundin bariki

1. Gabatarwa

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙwanni ana ba da labarin wani kaka da ya yi soja "tun zuwan Nasara". Wasu ɗalibai masu shirya kundin digiri sukan so su mai da irin wannan labari abin bincike, kuma tambayarsu ta farko ba ta canzawa: a wane gidan ajiyar takardu za a sami sunansa a rubuce? Wannan maƙala tana ƙoƙarin amsa tambayar ne game da ƙarni na 19 kaɗai.

Abu biyu muke so mu nuna. Na farko, ɗan ƙasar da ta zama Nijar, in har ya shiga kundin sojan Turawa kafin 1900, galibi ta kudu ya shiga, wato ta Ikko, Dahome ko Gwanja. Na biyu, kundin bai rubuta sunan mutum yadda danginsa ke kiransa ba. Saboda haka aikin nan na mai nazarin harshe ne kafin ya zama na masanin tarihi. Wanda ya tsallake wannan mataki, ko dai ya dawo hannu rabbana, ko kuma ya ɗauko kakan wani ya kai gida.

2. Wace runduna?

Sai a fara raba sojan sarki da sojan Nasara. Daulolin ƙasar nan suna da rundunoninsu tun kafin Turawa. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun shafe ƙarnin suna gwabzawa da Sakkwato, kuma yaƙin Gawakuke na 1836 yana cikin manyan faɗace-faɗacen da ba a manta ba. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya tara ƴan bindiga har ya sa aka ƙera igwa a cikin birni, kamar yadda André Salifou ya bayyana a littafinsa na 1971 kan wannan daula. To amma waɗannan dakaru da barade ba a ba su lamba ba, ba a kuma jera su a rajista ba. Kakan da ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutar sarki, a bakin maroƙa da makaɗan fada za a neme shi, da kirarin gidansu, da faya-fayan da cibiyoyin IRSH da CELHTO suka tara a Yamai.

Rundunonin da suka bar kundi na Turawa ne, kuma ga manya daga cikinsu.

A ɓangaren Ingila, John Glover ya kafa wata ƴar runduna a Ikko a 1863, mafi yawanta bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, aka riƙa kiranta Hausawan Glover. Sun shiga yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa rundunar ƙasar da ake kira Gana a yau, a 1886 kamfanin Kwara na Ingila ya kafa tasa, wadda ta ci Bida da Ilori a 1897. A wannan shekara ta 1897 aka ɗora wa Lugard kafa babbar rundunar iyaka ta Afirka ta Yamma.

A ɓangaren Faransa, dokar 21 ga Yuli 1857 ce ta kafa tirailleurs sénégalais bisa buƙatar Gwamna Faidherbe. Shekaru da yawa ana cika sahunta ta hanyar da suke kira rachat: a biya ubangiji kuɗin bawansa, bawan kuma ya yi soja na dogon wa'adi. A 1891 aka kafa wata runduna a gaɓar Dahome mai suna tirailleurs haoussas, wadda ta bi Kanar Dodds a yaƙin da ya kai ga shiga Abome a watan Nuwamba 1892.

Jamusawa ma sun ɗebi Hausawa a rundunar ƴan sandan Togo tun 1885, da ta Kamaru tun 1891. Haka Sarkin Beljiyam Léopold II ya aika aka ɗebo masa Hausawa daga gaɓar teku don rundunarsa ta Kwango a shekarun 1880.

Abin lura a nan shi ne lokacin da Faransa ta iso ƙasarmu. Ta kafa sansani a Say a 1897, a Doso a 1898. An kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram ranar 5 ga Mayu 1898. Ayarin Voulet da Chanoine ya bar bakin Kwara a Janairu 1899, ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ya ƙone Birnin Ƙwanni a watan Mayu, ragowarsa kuma ta shiga Damagaram a ƙarshen Yuli. Ke nan shekara uku kacal na ƙarnin suka rage. Bugu da ƙari, sojojin wannan ayari daga Sudan ta Faransa da ƙasar Mosi aka ɗebo yawancinsu. Mutanen Arewa, Adar da Gobir da suka faɗa hannunsa, ƴan dako ne, ko ƴan jagora, ko kamammu, kuma irin waɗannan a rahoto adadinsu ake rubutawa, ba a cika kula da sunayensu ba.

To ta yaya Bagobiri ko Bakatsinen Maraɗi zai bayyana a kundin 1874 ko na 1892? Ta hanya biyu: fatauci da bauta. Fataken goro suna kaiwa Salaga da sauran kasuwannin Gwanja, wasu su zarce gaɓar teku su zauna a zango. Waɗanda aka kama a yaƙi kuwa ana sayar da su kudu, ta Nupe da Ilori har ƙasar Yarabawa. A can ne mai ɗibar soja ke samunsu. Don haka ɗalibin da ya fara da Paris, sau da yawa ya fara ne da ƙofar da ba ita ba.

3. Inda takardun suke

Takardun Faransa a warwatse suke, kuma akwai dalili. Har zuwa dokar 7 ga Yuli 1900, sojojin da ke aiki a ƙasashen mallaka na Afirka ta Yamma suna ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ruwa ne. Daga nan aka mai da su ma'aikatar yaƙi. Ma'aikatar ƙasashen mallaka kuwa sai a 1894 ta tsaya da ƙafarta, kuma a 1895 aka kafa gwamnatin tarayya ta AOF. Kowace hukuma ta tafi da nata kaso.

A Vincennes, inda Service historique de la Défense yake tun 2005, ana samun rahotannin yaƙi, da littattafan da runduna ke rubuta tafiyarta kullum, da fayilolin hafsoshi. A Aix-en-Provence, gidan da ake kira ANOM tun 2007 yana riƙe da wasiƙun ma'aikatar ƙasashen mallaka da fayilolin ayarorin bincike da mamaya. Takardun gwamnatin AOF sun zauna a Dakar, a gidan ajiyar takardu na Senegal, inda jerin D ya ƙunshi al'amuran soja. Akwai hotonsu a Aix. Cibiyar Pau tana ajiye da takardun ƙananan sojoji, amma amfaninta ya fi yawa ga wanda kakansa ya yi aiki a ƙarni na 20. Gidan ajiyar takardu na ƙasa da ke Yamai ya fi ƙarfi a kan rahotannin kumandan-kumandan na bayan 1900, kuma a ciki akan ci karo da tsofaffin sojoji da suka zama gardi ko tafinta.

Dole mu ja hankali kan wani bambanci. A Faransa, tun ajin 1867 kowane saurayi da ya isa soja yana da shafinsa a rajistar jiharsu, shi ya sa Bafaranshe ke gano kakansa cikin sauƙi. A Afirka ta Yamma ba a kafa ɗibar soja ta dole bisa doka ba sai 1912, aka faɗaɗa ta a 1919. Kafin nan kowace runduna ita ke riƙe da jerin mutanenta. Wanda ya kai muƙamin hafsa, kamar Mamadou Racine Sy da ya zama kyaftin a 1883, ko wanda ya sami babbar lambar girma, yana da fayil na kansa. Ƙaramin soja kuwa yakan fito ne a wurare ƙalilan: jerin albashi, jerin matattu da masu rauni, jerin waɗanda aka yaba wa, da jerin waɗanda aka hukunta ko suka tsere.

Takardun Ingila suna Kew, kusa da Landan. Jerin WO 100 ya ƙunshi sunayen waɗanda aka ba lambar yaƙi, runduna-runduna, kuma nan ne ƙaramin soja ya fi samun damar fitowa da sunansa da lambarsa. Jerin CO 147 wasiƙun Ikko ne, CO 96 na Gana, CO 445 kuma na rundunar Lugard tun 1898. Na Jamus suna Berlin, a jerin R 1001 na gidan ajiyar takardu na tarayya.

4. Suna a bakin mai shi, suna a alƙalamin magatakarda

A ce an sami kundin da ya dace. Sauran aiki shi ne gane mutum a ciki, kuma nan matsaloli huɗu suke.

Ta farko, Bahaushe ba suna ɗaya gare shi ba. Akwai sunan yanka, akwai laƙabin da ke tafiya da shi: Abubakar shi ne Garba ko Habu, Usman shi ne Shehu, Umaru shi ne Sanda, Abdullahi shi ne Audu, Ibrahim shi ne Iro. Akwai sunan rana, kamar Ɗanladi, Ɗanjuma da Balarabe, da sunan yanayin haihuwa, kamar Tanko, Nomau da Anaruwa. Ga kuma alkunya: mace ba ta faɗar sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ƴaƴa ba su kiran sunan uba. Bayan zuriya huɗu, mai yiwuwa abin da ya rage a gida shi ne "Baba Soja" ko "Dogo", alhali mutumin ya ba magatakarda sunansa na yanka. Wanda ya ratsa ta bauta kuma an sake masa suna, irin su Nagode, Nasamu ko Barka. In ya gudu ne, yana da dalilin ɓoye kowane suna da za a iya bin sawunsa da shi.

Ta biyu, sunan ba ya zuwa takarda kai tsaye. A rundunar Faransa Bambaranci ne harshen bariki, tafinta kuma sau da yawa Babambare ne, ko Bawolofe, ko Bafillace. Shi zai ji Mamman ya ce Mamadou, ya ji Abubakar ya ce Bakary ko Boubakar, ya ji Ibrahim ya ce Brahima. A gaɓar teku bakin Yarabawa da Tonawa ne ke tace sunan: Ibrahim ya koma Braimah, Usman ya koma Osumanu, Muhammadu ya koma Momodu. Sunan da ya yi kama da na Bambara a kundi bai isa ya nuna cewa mai shi Babambare ne ba.

Ta uku, kowane Bature da ƙa'idar rubutun harshensa ya yi aiki. Wasalin u, Bafaranshe zai rubuta ou, Baturen Ingila na wancan zamani sau da yawa oo, Bajamushe u. Ke nan Musa ɗaya zai iya zama Moussa, Moosa ko Mussa. Baƙin c yana fitowa tch a Faransanci, ch a Ingilishi, tsch a Jamusanci. J kuma dj. Babu wanda ya bambanta ɗ da d, ko ƙ da k, balle tsawon wasali da karin sauti. Ko sunan ƙabilar kanta ya sha rubutu iri-iri: Haoussa, Houssa, Haussa. Karin harshe ya ƙara dagula lamarin, domin a yamma ana cewa hw ko h inda Kano ke cewa f, kuma ts kafin i yana fita da wani lafazi dabam. Tsibirin Gobir ya zama Tibiri a taswirar Faransa, ya yi daidai da Tibirin jihar Doso, garuruwa biyu masu nisa da juna. Tasawa ta zama Tessaoua, Ƙwanni ta zama Konni, Gobir kuma wani lokaci Gober.

Ta huɗu, suna na biyu. Turawa suna buƙatar sunan iyali, Bahaushe na lokacin ba shi da shi. Sai a cike gurbin da sunan uba, ko na gari, ko na ƙabila. A rundunar Gana sunaye irin su Kano, Katsina, Fulani, Moshi, Wangara da Zabarma sun zama kamar sunayen iyali. Sanannen misali shi ne Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Togo a watan Agusta 1914: Grunshi ɗin nan sunan al'ummar Gurunsi ne. Wannan al'ada tana da amfani ga mai bincike tunda tana nuna asali, amma da sharaɗi. Mutumin ƙauye in yana nesa da gida, babban garin da aka sani yake kira. Bakatsinen Maraɗi, wanda iyayensa suka baro Birnin Katsina bayan jihadi kuma sarkinsa ke amsa sunan Sarkin Katsina, zai ce shi Bakatsine ne, a rubuta Katsina. Wanda ya nemi kalmar Maradi kaɗai a jerin sunaye zai wuce shi bai sani ba.

5. Kalmar "Haoussa" a kundi

A bakin hafsoshin ƙarni na 19, wannan kalma ta fi kusa da sunan sana'a. Sun ɗauka cewa Musulmin arewa ya fi mutumin gaɓa jure yaƙi da bin umurni, saboda haka duk wanda ya fito daga ciki, yana jin Hausa ko da ta kasuwa ce, sai a sa shi a wannan rukuni. A cikin "Hausawan" akwai Nupawa, Barebari, Yarabawa, Mosi da Gurunsi. Gurunsi da yawa sun faɗa bauta ne a hare-haren Zabarmawan Babatu a shekarun 1880 da 1890, waɗanda asalinsu daga ƙasar Zabarma ta Nijar ne, daga baya kuma suka shiga soja. A bariki kowa ya koyi Hausa, domin a rundunonin Ingila da ita ake magana da ƙananan sojoji.

Sakamakon wannan iri biyu ne. Kalmar ba ta tabbatar da cewa mutum Bahaushe ne. Kuma akwai gidajen da a yau Hausawa ne tsantsa, alhali kakansu a bariki ya zama Bahaushe. Wannan ya shafi tarihin yaɗuwar harshen kansa, fannin da ɗalibanmu za su iya yin aiki mai kyau a kai.

Abin da ya fi suna nauyi shi ne bayanin kamanni, inda aka rubuta shi: tsawo, tabo, da tsagar fuska. Tsagar Gobirawa ba ta ɓuya, kuma mutum ba ya sake ta kamar yadda yake sake suna. Shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ce. "Né vers" na nufin magatakarda ya dubi fuska ya yanke.

6. Hanyar aiki

Muna ba da shawarar a fara daga gida, kuma a fara da tsofaffin mata, domin su suka fi riƙe jerin aure da haihuwa. A ɗauki maganarsu a faifai, a rubuta ta yadda ta fito, ba tare da gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa ba. Kalmomin aro shaida ne. Gidan da ke cewa kakansu kofur ne, ko saja, ko samanja, yana nuna ɓangaren Ingila. Wanda ke cewa kafaran ko lajidan yana nuna Faransa. Sai dai a yi hattara, don mai ba da labari yakan sa kalmar zamaninsa a wurin ta dā. Sunayen wurare sun fi tsayawa: Ikko, Kumasi, Lakwaja, Bida, Dahome, ko "yaƙin Rabe", wanda ya ƙare da mutuwar Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900.

Sa'an nan a ƙirga zuriya. Wanda ya yi soja a shekarun 1890 an haife shi wajen 1870, tsakaninsa da ɗalibin yau akwai zuriya huɗu ko biyar. In lissafi ya ba da biyu ko uku, to labarin na yaƙin 1914 ne, ko na Kawusan na 1916 zuwa 1917, ko na 1939, ko na Indoshin da Aljeriya. Labarin baka yakan haɗe sojoji biyu na gida ɗaya su zama mutum guda.

Kafin a buɗe kundi, a shirya jerin duk sifofin da sunan zai iya ɗauka, da na yanka da laƙabi, a rubutun Faransanci, Ingilishi da Jamusanci. In an ci karo da wanda ake zato, a riƙe lambarsa ta soja, don ita ce ba ta cika canzawa daga takarda zuwa takarda a cikin runduna ɗaya, ko da rubutun suna ya canza. A ganinmu, kada a ce an gano mutum sai shaida uku masu zaman kansu sun haɗu: suna, da asali ko tsaga, da wani abu na rayuwarsa da gida ya riga ya faɗa kafin a ga takarda, kamar rauni a ƙafa, ko garin da aka sallame shi. In biyu ne kaɗai suka dace, a rubuta "mai yiwuwa" a tsaya nan.

7. Kammalawa

Akwai abin da ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibi tun kafin ya fara. Gida yana jiran labarin jarumtaka, kundi kuwa yana iya nuna cewa kakan bawa ne da aka fansa da kuɗi, ko ya tsere daga bariki, ko yana cikin rundunar da ta ƙone garin da jikokinsa ke aure a yau. Sojojin ayarin 1899 su ne suka yi ɓarnar Ƙwanni, su ne kuma suka juya wa Voulet da Chanoine bindiga kusa da Maijirgi a tsakiyar Yuli. Mutum ɗaya yana iya kasancewa a duka biyun. A ƙasarmu maganar asali ba ta mutu ba, tana iya hana aure ko ta taɓa sarauta. Saboda haka a nemi yardar manyan gida kafin a buga suna, in sun ƙi a sakaya shi, amma kada a gyara abin da takarda ta ce don a faranta wa kowa.

Aikin da muke ganin ya fi gaggawa shi ne na haɗin gwiwa tsakanin sashen harsuna da na tarihi: a tsara jadawalin sunayen mutane da na garuruwan Hausa kamar yadda magatakardan Faransa, Ingila da Jamus suka rubuta su, kowane da daidaitaccen rubutunsa da karin harshen da ya fito. Da irin wannan jadawali a hannu, ɗalibin da ya sami ƴan makwanni a Dakar, Aix ko Kew zai san abin da yake nema tun daga ranar farko.